Ranar da Malami Dillali Ya Taya Hedimasta

A Tungar Jibo, ƙauyen da aka sake kafa mana a kan tudu bayan ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye tsohon garinmu, an yi wani dillalin shanu mai suna Malami. Ban ce ya fi kowa sanin sa ba, amma tabbas ya fi kowa faɗin cewa ya sani. In ka gaishe shi da safe, kafin ka kai ga tambayar iyali ya riga ya ba ka labarin bijimin da ya gane yana da ciwon hanta daga jin kukansa kawai. Ni Labaran tela, shagona yana kallon zaurensa, don haka na sha wannan labari har na fi shi iya bayar da shi.

Shi ne kuma ciyaman na kwamitin iyayen yara. Ba wai an zaɓe shi ba ne. Ranar kafa kwamitin ya kama magana tun la'asar, rana ta yi ja yana nan yana yi, sai aka ce an ba shi don mutane su samu magariba.

Makarantarmu ta firamare tana hannun Malam Nasidi, wani siririn mutum mai sanyin murya. Shi ya riƙe ta tun tana inuwar tsamiya har ta zama aji shida masu rufin kwano, amma a takarda riƙon ƙwarya kawai yake yi. Rannan sai ga wasiƙa daga ofishin ilimi. An ce makaranta ta girma, lokacin naɗa cikakken hedimasta ya yi. Sunaye biyu ne a gaba, Malam Nasidi da wani Malam Tukur da ke koyarwa a cikin Talata Mafara. Sufeton makarantu, Malam Yahaya, zai zo ranar Litinin ya ji ra'ayin mutanen gari kafin ya sa hannu. In Tukur aka ba, za a mayar da Nasidi wata makaranta can gaba da Dakko.

Aka taru a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar. Ba a yi gardama ba, domin kowa Nasidi yake so, har shi Malamin.

"To magana ta ƙare," in ji Ɗanasabe mahauci. "In suhweto ya zaka, mu ce mai Nasidi. Kowa shi kama gabanshi."

Malami ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Allah sarki, Ɗanasabe. Kai ka saba da sa bayan an yanka shi, ni ko da ranshi nika sayo shi. Ka taɓa ganin mai saye ya shiga kara yac ce ma mai shanu, wanga nika so, ba ni barci sai da shi? Ranar nan ko gonarka ka haɗa ba a sallama maka. Ohis su na masu shanu, mu na masu saye. Ranar da sunka gane Nasidi na da kyau, ranar za su ɗauke shi su kai babbar makarantar Mahwara, mu su bar mu da ragowa."

Mutanen da aka taɓa ɗauke wa gari sukutum ba su da wuyar yarda cewa za a iya ɗauke musu malami.

"To mi za mu yi?" wani ya tambaya.

"Ku bar min cinikin. Wanda kaka so, shi za ka kushe. Wanda ba ka so, ka yabe shi har mai shi ya ji ya hi ƙarhin ƙauye, ya hana ka. Sannan shi da kanshi zai ce, to ku ɗauki wancan tsohon ku rage min. Kuma mai saye ba shi nuna buƙata. Ran Litinin kowa shi riƙe ɗiyanshi gida, kada baƙo ya ga mun matsu da makaranta."

Daga bayan zana muryar Kaltumi ta taso. Yayar Malami ce, mai tuyar ƙosai a bakin makaranta, ita kaɗai ce a garin ba ta jiran ya gama kafin ta fara.

"Malami, mutum na hwa, ba sa ba na!"

"Yaya, ki tsaya ga kaskonki. Wagga magana ta maza ta."

"Ta maza ta, shi ya sa nika jin tsoro."

Ɗanasabe ya ce aƙalla a raɗa wa Nasidi abin da ake shiryawa. Malami ya ce sam, babu mai gaya wa sa cewa za a saye shi, in ya sani fuskarsa za ta tona mu. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Kada ku ɗauka ina wanke kaina, nawa hannun ya riga na kowa tashi. Ni na kuma ɗinka masa sabuwar riga mai aska biyu don ranar.

Litinin da safe Malam Nasidi ya share allo, ya tsaya a bakin aji da alli a hannu, babu yaro ko ɗaya. Ya bi gida-gida kamar yadda ya saba, duk inda ya yi sallama sai a ce masa yaro na ciwon ciki. Ya dawo hankali a tashe yana cewa annoba ta shigo gari, a aika Bakura a kira malamin asibiti. Mu kuwa muna jere a kan benci a harabar makaranta, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Da hantsi Landiroba ta tsaya. Sufeto Yahaya ya fito, dattijo mai tabarau da fayil a hammata. Bayansa Malam Tukur, saurayi fes, wando ya sha guga, takalmi na ƙyalli. Ya dubi taɓon bakin rijiya, ya dubi awakin da ke kwance a barandar aji, fuskarsa ta koma ta wanda aka aiko gidan makoki. Daga baya muka ji bai daɗe da aure ba, ya kama gida kusa da famfo da lantarki, sunansa ma ba shi ya kai ba.

Aka gaisa. Aka tambayi hanya, da gajiya, da iyali, da ruwa, da sabon wuri, aka sake komawa kan gajiya. Sannan sufeto ya leƙa azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a gaban wani allo, ya fito.

"Ina yaran?"

Malam Nasidi ya buɗe baki, Malami ya riga shi.

"Hakanan muke kullum, ranka shi daɗe. Mu makaranta ba ta dame mu ba. In an ba mu hedimasta mu amsa, in an hana ba mu rasa barci."

Sufeto ya dube shi ta saman tabarau, ya zauna, ya buɗe fayil, ya fara rubutu.

Malami ya naɗe hannun sabuwar rigarsa ya nufi Malam Tukur. Ya zagaya shi sau biyu a hankali. Ya bubbuga kafaɗarsa, ya matsa damtsensa, ya ja da baya ya karkata kai.

"Ɗan taka zuwa katangar can ka dawo, samari."

Tukur ya dubi sufeto. Sufeto bai ɗago ba. Tukur ya taka ya dawo.

"Ɗan yi murmushi mu gani."

Ya yi, na dole.

"Tubarkalla! Jama'a, kun ga haƙori? Kun ga tahiya? Ranka shi daɗe, shekara talatin nika cikin kara, ban taɓa ganin irin wanga ba. Wanga ai ba na ƙauye ba na, ya hi ƙarhinmu."

A nan Malam Tukur ya hango inda aka nufa da shi, ya fara neman mafita.

"Baba, gaskiya ni ban taɓa riƙe makaranta ba."

"Sabo hul! Ba a taɓa ɗora mai garma ba!"

"Kuma ina da nauyin barci. Sai rana ta ɗaga nika tashi."

"Lahiyayye ke nan. Mai ciwo ai ba shi barci."

"Ruwan rijiya na ɓata min ciki."

"Jinin manya! Kun ji ko? Ko cikinshi ya san abu mai kyau."

"Baba, don Allah, ni yara ma ba su jin maganata."

"Kwarjini na. Sun kasa ɗaga kai balle su ji."

Tukur ya share gumi ya koma jikin mota. Sufeto ya juya shafi.

"To Malam Nasidi fa?"

Malami ya yi masa kallon gefen ido, ya ja tsaki mai tsawo, irin wanda yake ja wa saniyar da ya kwana yana mafarkinta.

"Wanga? Ranka shi daɗe, diba wuya. Diba ƙahwa. Ya tsuhwa ga turke."

"Malam Malami," in ji Nasidi a hankali, "da ni kake?"

"Ka ji muryar ma ba ta hita. Tun assalatu shika zuwa makaranta, rashin barci, alamar ciwo ke nan. Ga bin gidajen mutane, ba shi barin yaro ya huta."

"Ranka ya daɗe," in ji Nasidi, "bara yara tara na kai sakandare."

"Ka ji da bakinshi! Korar muna ɗiya shikai daga gari. Tara! Wa za shi yi muna noman rani?"

Sai ya zungure ni da gwiwar hannu, wai in ƙara. Har yau in na tuna ina jin kunya. Na rasa abin faɗi, na ce wandonsa ma ba ya kawo shi ɗinki sai ya gama yagewa. Ɗanasabe ya ce mutum ne da ba ya sayen nama sai ranar sallah. Wani ya ce tafiyarsa ta yi sauri da yawa, wani kuma ya ce ta yi sanyi da yawa. Kowa ya jefa nasa, Malam Nasidi yana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya, alli har yanzu yana hannunsa.

"Ka ga yana rubutu?" Malami ya raɗa mini. "Ya hwara laushi. Yanzu za shi ce ba shi ba mu saurayin."

Sufeto ya rufe alƙalami.

"In na fahimta, Malam Tukur jama'a ke so."

"So kam muna so, ranka shi daɗe, amma mun san ba a ba mu irinshi."

"An ba ku."

Malami ya tsaya baki buɗe. A iya zamansa a kara babu wanda ya taɓa sallama masa a tayin farko. Daga jikin mota muka ji Malam Tukur yana salati.

Amma Malami ba ya daɗewa a ƙasa. Ya gyara hula, ya juyo gare mu, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, ku tashi mu tahi. Cinikinga bai yi ba." Muna miƙewa ya rage murya. "Wayo na shika gwada muna. Wagga ita ta babbar dabara, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ka juya baya ka kama hanya, mai shanu ba shi bari ka kai bakin kara. Kahin mu kai masallaci za ku ji kira, ku zo ku ɗauki tsohon. Kada wanda ya waiwaya!"

Muka jeru a bayansa, manya da gemu, muna tafiya ƙasaita-ƙasaita. Muka wuce kaskon Kaltumi, ta bi mu da kallo ta riƙe haɓa. Muka kai masallaci, shiru.

"Mai tauri na," in ji Malami. "Irinsu sai rijiya."

Muka kai rijiya, shiru. Wuyana har ya ƙage saboda son waiwaye.

"Malami," in ji Ɗanasabe, "gari ya kusa ƙarewa."

"Yanzu za ku ji."

Muka ji kuwa, amma ƙarar inji ce. Landiroba ta zo ta wuce mu a hankali. Sufeto ya ɗaga mana hannu cikin ladabi. Malam Tukur yana kujerar baya ya dafe kai da hannu biyu.

"Zagayowa za shi yi," in ji Malami.

Muka tsaya muna kallo har motar ta hau titin dam, ta zama kamar ƙwaro, ta ɓace. Ba ta zagayo ba.

Da muka koma makaranta muka tarar da Malam Nasidi zaune a kan benci da takarda a cinyarsa. Sufeto ya ce masa jibi Laraba zai miƙa fayil, shi kuma ya fara haɗa kayansa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi.

"Shekara bakwai muna tare," ya ce. "Da kun gaya min tun can cewa hakanan kuke ganina, da na gyara abin da zan iya gyarawa."

Kaltumi ce ta taso da cokalin tsamar ƙosai a hannu, mai na ɗiga, ta zayyane masa komai daga fari har ƙarshe, da sunan duk wanda ya ɗaga hannu. Kafin ta gama mata sun fito daga gidaje, yaran da aka ce suna ciwon ciki sun warke sun cika haraba, kowa na neman Malami. Wata tsohuwa ta ce in Nasidi ya tafi, Malami ne zai shiga aji ya koyar, ko da ilimin haƙoran shanu ne.

Malami ya ga abin ya wuce wasa. Ya fizgi keken Ɗanasabe, ya ce in hau baya mu tari mota ta gajeriyar hanya, ta gefen babbar magudanar ruwan dam. Na ce masa hanyar siririya ce. Ya ce shi ya nuna wa Turawan dam inda za su haƙa ta. Ɗanasabe ya biyo mu yana ihu, mun yi nisa kafin na gane abin da yake cewa shi ne keken ba shi da birki.

A kwanar farko hanya ta karkata, mu ba mu karkata ba. Da na ɗago kai daga ruwa na ga hular Malami ta kama hanyar Bakura ita kaɗai, shi kuma yana riƙe da ciyawar gefe yana tofar da taɓo. Masu ban ruwan tumatir suka jawo mu da gora, sai da suka gama dariya tukuna.

"Da gangan niy yi," in ji Malami, rigar aska biyu ta manne masa a jiki. "Gara mu same shi gobe, ya huce."

Washegari Talata, ranar kasuwa. Rabin gari ya hau bayan wata tifa da ta sauke yashi, maza da mata, har da Malam Nasidi da Kaltumi ta ja shi dole. A ofis masinja ya ce sufeto ya tafi kara neman ragon suna. Malami ya ji an ce kara, kafaɗarsa ta tashi. Ya ce Allah ya kawo mutumin gidansa.

Muka same shi a tsakiyar kara yana duba wani rago, Malam Tukur na bin sa a baya tun safe yana roƙo. Malami ya matsa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya kama gefen rigarsa kamar yadda dillalai ke yi.

"Ranka shi daɗe, mu ɗan keɓe."

Sufeto ya zare rigarsa.

"A'a, ciyaman. Abin da anka hwaɗa gaban jama'a na rubuta, gaban jama'a za a warware shi. An aike ni in ji bakin gari. Na zaka na iske baki ɗaya na magana, saura na amshi. Na ga allo cike da aikin yara na ranar Juma'a, na san makarantar ba kango ba ta. Amma ni ba a aike ni duba ba, abin da kunka hwaɗa shi nika kaiwa."

"To ai kuskure anka samu kaɗan."

"Ɗaga murya. Ban ji ba."

Kafin nan dillalai da masu shanu da mahauta sun fara zagaye mu, domin a kara babu abin da ke tara mutane kamar ganin Malami yana magana a hankali. Wani ya turo masa turmin da ake ba dabbobi dusa, aka kifa, aka ce ya hau. Sufeto ya buɗe fayil.

"Kac ce ya tsufa a turke."

"To, ba wai ya tsuhwa ƙwarai ba. In anka duba wuyan dai..."

"Malami!" in ji Kaltumi.

"Bai tsuhwa ba! Ƙarya nika yi!"

"Kac ce yana hana yara hutu."

"Ƙarya na."

"Kac ce yana korar muku ɗiya."

"Shi ma ƙarya na. Ko da yake in za a bi ta ƙahwa..."

Kaltumi ta ɗaga mayafi kamar za ta ɗaure ƙugu, ya haɗiye sauran. Bakinsa ya saba da kushe har ya zama yabo ba ya fita sai da tari.

"To don mi ka yi ƙaryar?" in ji sufeto. "Ka gaya min abin da zan rubuta."

Malami ya dubi taron. Duk abokan sana'arsa ne, mutanen da ya shekara talatin yana juyawa. Ya dubi Malam Nasidi da ke tsaye can baya da ɗan wandonsa mai faci.

"Don ina son shi," ya ce. "Ranar da ruwa ya kore mu, kowa hatsinshi shika jida, shi benci shika jida ga kai, sawu tara. Ɗiyata Taiba ita ka karanta min wasiƙa yanzu, ba ni kai sirrina ga kowa, shi ya koya mata. Tsoro nij ji kada ku gane irinshi ku ɗauke muna. Ni hakanan nika ciniki tun ina yaro. Duk abin da kunka ji na kushe, wallahi shi nika so. Duk abin da kunka ji na yaba, ko kyauta ba ni amsa!"

"Alhamdu lillahi!" in ji Malam Tukur da ƙarfi. Ban taɓa ganin wanda aka zaga ya yi murna haka ba, har da rungumar Malami ta ƙafa.

Sufeto bai tsaya nan ba. Ya ce ciyaman ya sauka, ya kira mu ɗaya-ɗaya, maza da mata, kowa ya faɗi wanda yake so da dalilinsa, da bakinsa. Abin ya ɗauki lokaci, ragon suna ma wani ya saye shi. Da aka zo kaina na janye maganar wando, na nemi gafara. Daga ƙarshe ya yage shafin jiya, ya rubuta sabo a kan bayan motar wani, ya miƙa wa Malam Nasidi hannu ya kira shi hedimasta. Mata suka rangaɗa guɗa har shanu suka firgita.

Malami ya karkaɗe riga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani? Wa yac ce muku dabarar ba ta ci? Ga shi mun samu."

Don ya nuna har yanzu shi ne, sai ya juya ga wani jan bijimi da Bappa, wani Bafulatani mai kawo shanu daga dajin Maradun, ke riƙe da shi. Ya yi masa kallon gefen ido, ya ja tsakin nan nasa.

"Wanga ƙahwarshi ta baya..."

Fuskar Bappa ta washe.

"Jama'a, ku shaida! Malami ya kushe!"

Kafin ka ce me, masu saye sun yi wa bijimin caa, kowa na tayawa sama da na wani, Malami aka ture shi gefe. Ya yi maza ya koma kan wata farar saniya ya ce tubarkalla, wannan kam ba ta da aibi. Mai ita ya ɗaga sanda ya ce in ya sake yabon dabbarsa a gaban mutane sai sun je gaban alƙali. Ya gwada yin shiru a gaban wani maraƙi, sai aka taru ana gardama a kan ma'anar shirun. Har azahar babu mai shanun da ya yarda ya tsaya kusa da turkensa.

A tifar komawa gida yana zaune a kusurwa, ba hula, ba labarin bijimi mai ciwon hanta. Sai da muka wuce magudanar jiya ya matsa kusa da Malam Nasidi.

"Hedimasta, Allah shi sanya albarka. Nic ce, halan akwai ɗan aiki nan makaranta? Ka san kara sai ta ɗan manta da ni tukuna."

Tifa duka ta kasa kunne ga Malam Nasidi.

"Akwai," ya ce. "Muna neman mai buga ƙararrawa."

"Ƙararrawa? Mutum kamata? Mi ya sa ita?"

"Na duba ayyukan makaranta duka, ciyaman. Ita kaɗai ta ba a buɗe baki."